Takardar Koke Kan Ziyarar Tsofaffin Gidajen Agadas da Roƙon a Ware Gida Ɗaya a Akokan

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Agadas,
da kwafi zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Abzin, Allah ya ja zamaninsa.

Daga wasu iyayen yara da tsofaffin ma'aikatan ma'adini na Arlit da Akokan.



Ranka ya daɗe, mun rubuto ne mu kawo kuka a inda ake share hawaye. Ni da na riƙe alƙalamin tsohon malamin makaranta ne, na yi shekara 31 da alli a hannu, mafi yawansu a Akokan, har yau kuma mushe ake ce mini a kasuwa. Iyayen yara ne suka ɗora mini rubutun don suna ganin hannuna ya saba da takarda. Maganar kuwa tamu ce baki ɗaya, an tattauna ta a zauruka fiye da ɗaya kafin ta hau kan takarda.

A hutun sanyi da ya wuce muka ɗauki yara 34 zuwa Agadas don su ga tsohon gari. Kowane uba ya ba da jika uku. Wasu a hankali suka biya, ɗari biyar yau, ɗari biyar wani mako, domin a cikinsu akwai waɗanda tun da aka rufe ramin ma'adinin Kominak ranar 31 ga Maris 2021 ba su sake karɓar albashi ba. Malamai uku muka raka su, tare da wani dattijo da ya yi fiye da shekara ashirin yana sauka ƙarƙashin ƙasa, wanda yara ke kira Baba. Shi ya nace sai an tafi da shi. Ya ce sau da yawa ya ratsa Agadas a mota, bai taɓa sanin akwai gidajen da ake shiga kallo ba.

Ba zan ɓata maka lokaci da zancen hanya ba, ka san ta. Kilomita wajen 240 ne tsakanin Arlit da Agadas, mun tashi bayan asuba, ba mu ga hasumiyar masallaci ba sai da la'asar ta gabato. Abin da ya fi ƙona mini rai a hanyar shi ne mun wuce yankin Dabus ba mu tsaya ba, inda magabata suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse tun dubban shekaru, babban cikinsu ya haura mita 5. Direba ya nuna wajen da yatsa, ya ce in muka ratse dare zai yi mana. Yaran suka leƙa ta taga, suka ga yashi da duwatsu.

Washegari da hantsi aka haɗa mu da ɗan jagora, wani saurayi mai ladabi da tsabta, ya sha rawani. Ba zan ambaci sunansa ba, kuma ina roƙon kada a neme shi, don ba ƙararsa na kawo ba. A gindin hasumiya ya tsayar da mu ya buɗe baki da Faransanci, yana zuba kamar mai tilawa: an gina masallacin a wajen 1515, an sake gyara shi a 1844, tsayin hasumiyar mita 27, babu hasumiyar tubalin laka da ta kai ta tsawo a duniya, UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Duk gaskiya ne. Amma yaran nan ƴan ajin ƙarshe ne na firamare, Faransancinsu na allo ne, ba na saurare a tsaye cikin iska ba. Na ga idanunsu suna bin tantabaru. Can wata yarinya da ke gaba ta ɗaga hannu kamar a aji, ta ce, "Kawu, don Allah ka faɗa da Hausa mana."

Ya yi dariya, ya ce to. Sai bayanin nan mai tsawo ya tsuke ya koma jimla biyu: wannan tsohon masallaci ne, kakanninmu suka gina. Hausa ce a bakin saurayin nan tun yana goye, yana kuma jin Tamajak, amma tarihin garinsu da Faransanci ya shiga kansa, da Faransanci kawai yake iya fitowa. Da muka keɓe ya ce mini, "Mushe, ka yi haƙuri. Ni don Anasara aka koya mini wannan, ba a taɓa kawo mini ƴan lakwal ba."

Wannan maganar tasa ita ce kan kukanmu. An shirya nunin tsohon garin Agadas don baƙin da ke saukowa daga jirgi, kuma baƙin sun ɗauke ƙafa. Tun tawayen 2007 suka fara raguwa, sace ma'aikata a Arlit a Satumba 2010 da harin 23 ga Mayu 2013 a Agadas da Arlit suka ƙarasa korar su. Masu son gani da suka rage su ne mu: ƴaƴan Arlit da Akokan da Cirozerin da Ingal da Iferwan, da na Agadas ɗin kanta. Har yanzu kuwa ana magana ne ta saman kawunansu, ana jiran wani ya sauko daga jirgi. Kundin da ƙasa ta ɗauka a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. To ai ya kamata maganar ta iso ƙofar gidajen tarihi, ta zo kuma tare da Tamajak, don a cikin yaran da muka kai akwai waɗanda da shi uwayensu ke yi musu tatsuniya.

Daga masallaci muka bi lunguna zuwa gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka. Ɗan jagora ya nuna ɗakin, ya ce wani Bature ne ya kwana a nan, yaran suka leƙa duhu suka fito. Raina ya ɓaci, don na san abin da ke cikin ɗakin nan wanda ba a fito musu da shi ba. Barth ya iso Agadas a Oktoba 1850, ya yi kusan mako uku, yana amsa sunan Abdulkarim. Ya tarar da bikin naɗin Sarki Abdulƙadir. Ya ƙiyasta mutanen garin a wajen 7,000, ya ga kangaye da yawa da ke nuna gari ne da ya taɓa fin haka girma nesa ba kusa ba. Ya kuma rubuta cewa mutanen Agadas na da harshensu, Emgedesi, ɗan uwan harshen Sanwai na Tumbutu, wanda yau ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa. Ka ga abin da zai tsayar da yaro: a ce masa a lungun nan da kake tsaye, kakannin masu gidan nan da wani harshe suke ciniki, yau babu mai jin sa. A nan ne kuma za a ba su labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka ƴanta shi, ya bi Barth har Ingila, ya ba da tarihin rayuwarsa da Hausa aka rubuta. Sa'ansu ne lokacin da abin ya same shi. Na tara su a inuwar katanga na faɗa musu iya abin da na sani, amma ba kowace makaranta ce za ta zo da tsohon mushe mai surutu ba.

Wani yaro ya yi tambayar da ta fi duk bayanina. Ya ce, shi Baturen baƙo ne, to wane ne mai gidan, wa ya dafa masa abinci? Aka yi shiru. Sunan baƙon mako uku ya zauna a kan gida fiye da shekara 170, masu gidan da suka shimfiɗa masa tabarma ba a ambatonsu. Akwai iyalai a tsohon gari da suka riƙe irin wannan labari a ka, fada ma tana da nata masanan. A je a tambaye su tun suna da rai.

Gidan da ya fi shiga ran yaran shi ne na Sidi Ka mai burodi. Ranka ya daɗe, in ba ka daɗe da shiga ba ka san abin da nake nufi. Daga waje katanga ce kamar kowace. Sai ka shiga, idonka ya saba da duhu, ka ga bango ya cika da zane, an tayar da laka an murɗa ta, an yi alkuki nan an yi can, babu tafin hannu ɗaya da magini ya bari haka nan. Yaran da tun safe suke ture juna suka yi tsit. Abin da aka ce musu a nan shi ne wani Ba'italiye, Bertolucci, ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa na 1990 a gidan. Su ba su san shi ba, iyayensu ma ba su san shi ba.

Allah ya taimake mu da wani tsoho da ke zaune a kan dakali a lungun, yana jin mu. Ɗaya daga cikin yaranmu, ɗan magini ne, ya tambaya da ƙarfi yadda aka yi laka ta tsaya haka ba ta zubo ba. Tsohon ya yafito shi da hannu. Ashe tsohon magini ne, idanunsa sun fara hazo. Ya ɗebi ƙasa a tafin hannu ya tofa mata ɗan yawu ya murza, ya ce wannan ba ta gini ba ce, yashi ya yi mata yawa. Ya gaya musu yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a tattake ta da ƙafa a bar ta kwanaki ta ruɓa kafin a taɓa ta, yadda ake jera azarar goriba, dalilin da ya sa itatuwan nan ke leƙowa daga jikin hasumiya, cewa matakala ce ta masu yaɓe kuma ƙashin ginin ne. Ya nuna musu indararo ya ce gidan laka ta nan yake mutuwa, in ya toshe ruwa ya kwana a kan soro to a fara kwashe kaya. Ya ce siminti a kan laka kamar rigar leda ce a jikin mutum lokacin bazara, daga waje sumul, daga ciki gumi na cin bango har ranar da zai sulluɓo gaba ɗaya. Minti goma ya yi yana magana, babu yaron da ya motsa. Har yau in na gamu da su a Akokan zancen tsohon nan suke yi mini. Babu wanda ya ɗauke shi aiki, babu mai biyansa, kuma da muka miƙa masa ɗan abin goro sai da muka yi ta roƙo kafin ya karɓa.

Shi ne kuma ya nuna mana tsagar da ke bin wata katanga daga sama har ƙasa, wadda hannun yaro ke shiga. Ya ce daminar 2024 ce. Kowa ya san abin da ruwan shekarar ya yi: gidaje sun zube a tsohon garin Agadas, a Damagaram kuma tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe ranar 3 ga Satumba. Ba mu ɗora wa kowa laifin ruwan sama ba. Amma ginin laka da yaɓe yake rayuwa, yaɓen kuma kafin damina ake yinsa, kowace shekara.

Akwai gida guda, ba zan faɗi wanne ba, da muka tarar a kulle, aka ce mai mabuɗi ya tafi kasuwa. Muka jira a rana har yara suka fara neman ruwa, muka haƙura. A wani gidan kuma aka yanka mana jika ɗaya kowane kai, kuɗin Anasara. Muka yi ta ciniki a bakin zaure kamar masu sayen akuya, a gaban yaran da muka kawo mu koya wa girmama wurin, har aka sauko dala hamsin. Babu rasit, babu allon da ya nuna farashi. Na ji kunya, amma da na leƙa tsakar gidan na ga tukunya a murhu da ƴan jikoki a ƙasa, sai fushina ya huce. Iyali ne ke zaune a ciki. An ce musu gidansu na duniya ne, kada su sa siminti, kada su canza ƙofa, su buɗe wa duk wanda ya yi sallama, sannan baƙin da ke kawo ɗan abin cefane suka daina zuwa. In aka bar mutum haka, duk wanda ya faɗo hannunsa sai ya matse shi. A yanka farashi a rubuta a bango, na ɗan makaranta daban, na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, a san ranaku da lokutan buɗewa, a kuma san rabon masu gida da rabon yaɓe.

Zancen Kawusan kuwa ba a yi shi ba sam. Mun wuce ta gaban ginin da ake danganta shi da shi, wanda ya zama otel, aka nuna da haɓa aka wuce. Mutumin da ya tsare sojan Faransa a barikinsu na Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da goyon bayan Sarki Tagama, da abin da aka yi wa malaman garin bayan an karya tawayen, duk ba sa cikin haddar ɗan jagora. Na gane dalili: baƙin da aka tsara haddar dominsu ba su zo jin wannan ba. Yaranmu kuwa shi suka fi bukata.

Ranka ya daɗe, da kukanmu ya tsaya a nan da gajeruwar takarda ta isa. A hanyar komawa ne babbar maganar ta taso. Wani yaro daga bayan mota ya ce, "Mushe, mu Arlit ba mu da tsohon gida?" Na ce masa garinmu yaro ne, ni ma na girme shi. Baba da ke kusa da ni, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya juya ya ce, "Gidan da na zauna a site, unguwar ma'aikata, fa? Ka san abin da aka yi a cikinsa?" Daga nan har muka shiga gari shi ke magana. Ya gaya musu yadda ake sauka mita 250 ƙarƙashin ƙasa, yadda fitilar kai ke zama ranarka da watanka, yadda ake gane rufin rami zai saki tun kafin ya saki, da yadda matarsa ba ta kwanciya sai ta ji ƙarar motar da ke dawo da ƴan aikin dare. Jikokin abokan aikinsa ne a motar, ba su taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba.

An gano yuraniyom a ƙasar nan a Azelik a 1957. An kafa kamfanin Somayir a 1968, garin Arlit ya tashi a 1969 a fili fetal, aka fara fitar da ma'adini a 1971. Kominak ta biyo baya a 1974, ta fara haƙa a Akokan a 1978, ta fitar da wajen tan 75,000 kafin a rufe ta. Kwal ɗin Anu Araren ne ya ba ramukan wuta. Mutane sun zo daga Maraɗi da Tawa da Damagaram da Dosso, daga Benin da Togo da Mali, suka tarar da Abzinawa makiyaya da wurin ke hannunsu tun fil azal. An yi zamanin da ake ce wa garin Paris ta biyu, har Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗinsa na 2005 wannan suna. Amina Weira, ɗiyar ma'aikacin rami, ta yi nata a 2016 kan ƙurar da iska ke kwasowa. An kalli finafinan nan a ƙasashen Turai. A gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai akwai sashe na yuraniyom, fiye da kilomita 1,000 daga ramin da aka haƙo shi. A garin da aka yi aikin, duk shekarun da na yi, ban ga ɗaki ɗaya da zan kai ɗalibi in ce masa ga yadda kakanka ya rayu ba.

Abin da muke roƙo shi ne a ware gida ɗaya daga cikin gidajen ma'aikata na Akokan, na ƙaramin ma'aikaci, a bar shi yadda yake a shekarun 1980, da ƙofarsa da tagoginsa da famfonsa. Tun da aka rufe ramin gidajen suna sauya kama, wannan ya ƙara ɗaki, wancan ya fasa shago, kuma ba laifi ba ne, mai gida da gidansa. Nan da ƴan shekaru ba za a sami na asali ba. Kayan da za a sa ciki suna nan a akwatunan tsofaffi: hular kwano da fitilarta, takalmin aiki, katin ma'aikaci, ɗan abin awon nan da ake maƙalawa a jiki kafin a sauka, takardun albashi, hotunan ranar ma'aikata, kwanukan da uwargida ta saya a kantin ma'aikata lokacin da kuɗi ke da albarka. A gefensa kuma a kafa bukka irin ta unguwannin Bukoki, ta tabarma da kwali da buɗaɗɗen gwangwani, don mafi yawan mutanen garin nan ba su taɓa kwana a site ba. Su ne masu wanki da masu gadi da ƴan kwangila da masu sayar da ruwa, suna hango fitilun site daga duhu. In aka nuna gidan aka ɓoye bukkar an yi wa yara ƙarya.

Masu jagora kuwa ga su nan zaune a gindin bango suna jan carbi. Kusan ma'aikata 600 ne rufe Kominak ya sallama, ban da ƴan kwangila, ban da waɗanda suka yi ritaya tun kafin nan. A ɗauki kaɗan daga cikinsu, da matan da suka riƙe gidajen, da dattijo ɗaya cikin makiyaya da zai faɗi yadda wurin yake kafin a kafa turken farko. A bar su su faɗi daɗin da wuyar, har da tari da jana'izar abokai, kada a rubuta musu hadda. Mun ga abin da hadda ta yi a Agadas.

Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. A arewacin Faransa, a Lewarde, tsohon ramin kwal ya zama gidan tarihi tun 1984, tsofaffin mahaƙa ne suka fara zagayawa da baƙi, kuma a 2012 UNESCO ta karɓi yankin ma'adinan nan duka har da unguwannin ma'aikata, shekara ɗaya kafin Agadas. A Bad Schlema ta Jamus akwai gidan tarihin haƙar yuraniyom. Nan kusa a Kano, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa motocin makarantu ke cika ƙofarsu. Waɗanda suka sayi ma'adininmu sun adana gidajen nasu mahaƙan.

Sharaɗi ɗaya muke gindayawa da kanmu, kuma ba ma sassautawa a kansa: kada wani abu ya shiga gidan sai an auna shi. Masu binciken CRIIRAD da suka zo a 2003 da na Greenpeace a 2009 sun sami ƙarafa masu guba a kasuwa da wurare masu haɗari a titunan Akokan, ƙungiyar Aghir In'man kuma ta shekara da shekaru tana faɗar haka. Tarin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 na nan a bayan gari. Ba za mu tara yara a ɗaki da ƙarfen da ba a san daga inda ya fito ba. A auna gidan, a auna ƙasarsa, a auna kowane cokali, a liƙa sakamakon a ƙofa da Hausa da Tamajak. Na'urar awon ma a bar ta a wurin, yaro ya ga yadda take aiki, ya koma gida ya tambayi uwarsa daga ina tukunyarta ta fito.

Na san abin da za a ce, don a cikinmu ma an faɗa. Wani uba ya miƙe a taronmu ya ce gari na fama da ruwan sha da zaman banza, ku kuna zancen gidan kallo. Bai yi ƙarya ba, kuma in aka ce mu zaɓa tsakanin rijiya da gidan tarihi, rijiya za mu ɗauka. Amma ba a kai nan ba. Gida ɗaya ne da ke tsaye, da fenti, da mai gadi, da ɗan alawus na tsofaffi huɗu ko biyar. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adini, tun Yuni 2025 kuma Somayir ta dawo hannun ƙasa. Abin da muke nema bai kai kuɗin tayar babbar motar rami ɗaya ba. Rijiya in an jinkirta ta bana ana iya haƙa ta baɗi. Su tsofaffin nan ba su da wannan tabbacin.

Game da Agadas, ban da farashi da lokutan buɗewa da na ambata, muna roƙon a tara ƴan jagora a koya musu bayani da Hausa da Tamajak, a zaunar da su gaban magina da masanan fada da tsofaffin matan unguwanni, a kuma ba irin tsohon nan na kan dakali matsayi da haƙƙi. Muna roƙon Mai Martaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa baki a ware rana ɗaya a wata ta ƴan makarantun jiha. In hali ya yi, a taimaka wa makarantun nesa da mota ko sau ɗaya a shekara, ta tashi da wuri yadda za a tsaya a Dabus.

Mun haɗa da wannan takarda sunayen iyaye da tsofaffin ma'aikata da suka sa hannu, wasu da alƙalami wasu da ɗan yatsa, da jerin kayan da kowa ya yi alkawarin bayarwa kyauta. Tsofaffi bakwai ne suka ce za su yi jagora. Ɗaya ya rasu cikin azumi, Allah ya jiƙansa, ɗansa ya kawo mini hularsa da fitilarsa a buhu, suna ɗakina ban buɗe ba sai an auna. Akwai gidaje biyu a Akokan da muka duba muka ga ba a taɓa fasalinsu ba, mazaunan ɗaya sun yarda a yi magana. Duk ranar da ka turo wakili, Baba ya ce shi zai riƙe masa hannu ya zagaya da shi.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba jiharmu lafiya da damina mai albarka.



Naka mai biyayya,
Tsohon malamin makaranta, Akokan,
a madadin iyayen yara da tsofaffin ma'aikatan da suka sa hannu.